Ludayi Ɗaya

Mu biyar ne a ɗakinmu na jami'a a Sakkwato, zamanin da soja ke mulki, kuɗin fetur ya sa har kaza ake ba ɗalibi. Amma mu abin da muke ɗoki kullum shi ne furar la'asar. Wata dattijuwa ce take kawo mana daga Kwalkwalawa, a dama a ƙwarya guda, ludayi ɗaya ya yi ta zagayawa. Wanda ya daɗe da shi a baki ya sha tsiya.

Sai annobar amai da gudawa ta shigo gari. Aka rufe makaranta, aka yi ta jana'iza. Ni ma ta kayar da ni, har an fara fid da rai, Allah ya yi da sauran shan ruwa.

Da aka koma, ni kaina na san ba ni ba ne. Wando sai da igiya, ruwa kuwa sai na ga tafasarsa da idona. Abin da ya fi cutar ba ni tsoro shi ne a ƙyamace ni. Na ƙudura a raina in dai na ga alama, akwatina zan ɗauka in koma gida, karatun ya sha ruwa.

Ranar farko aka dama fura, sai ga sababbin kofuna, kowa da nasa. Ba ludayi! Na ture kofin, na ce, "Ku sha abinku, kada in shafa muku."

Babban ɗakinmu Basakkwace ne, ɗan gidan malamai, ga baki. Ya dube ni ya ce, "Kai wanga, mi kaka nufi? Mu aka tsare ko kai?"

Maƙwabcin gadona, Kirista ne ɗan wajen Jos, shi ya warware mini. Yayarsa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta gargaɗe su cewa cikina bai yi ƙwari ba, kada su bari in haɗa baki da kowa. Wato daga bakunansu suke kare ni. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Na ɗauki kofin na kurɓa. Ban ajiye ba Basakkwacen ya fizge, ya kafa baki daidai inda na sa nawa, ya shanye tas. Ya yi gyatsa ya ce tawa ta fi sukari, an yi son kai.

Da sanyi ya shigo na yi kumari, aka dawo da ludayi. Ni aka fara miƙa wa. Na daɗe da shi a baki da gangan, ina jira. Suka yi caa a kaina da tsiya, kamar dā.