Maganin da Surukina Ya Daina Sha

Tun ina goyon Hajo nake tsoron a ce wani ciwo yana bin jinin gidanmu, don a ƙauyenmu irin wannan magana ba ta mutuwa. Jiya na ga kwalbar magani a hannun maƙwabciya, sai surukina ya faɗo mini a rai.

Shekarun da kaya suka yi tsada ne zuciyarsa ta fara tsallake bugu. Likita a Sakkwato ya ba shi maganin farfaɗiya, ya ce yana daidaita zuciya ma. Ya kuwa ji sauƙi. Amma mai kemis a Boɗinga ya faɗi sunan maganin gaban jama'a. Daga nan maza suka daina cin kwano ɗaya da shi, wai ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu.

Wani hantsi, ga warin albasar da aka shanya, Hajo na jan gemunsa, ya miƙo mini kwalbar.

"Ɗiyata, zubar. Ba ni yarda a kira jikata ɗiyar masu faɗuwa."

"Baba, zuciyar fa?"

"Ta saba da ɗingishi."

Ban zubar ba, shi kuma bai ƙara sha ba. Bai kai damina ba.

Wanda ya karanta wannan, don Allah ya roƙa masa gafara.