Jinin Yaya, Sunan Mai Hatimi

Mijin yayata shekara talatin da ɗaya ya yi a ofis yana buga hatimi, shi ya sa duk dangi muke ce masa Mai Hatimi. Aikin ke nan fa: a miƙo takarda, ya hura wa hatimi iska, ya danna, ya ɗago kai kamar alƙalin da ya yanke hukunci. A wurinsa abin da ke rubuce shi ne gaskiya. Ko kana tsaye gabansa kana numfashi, in takarda ta ce ka mutu, sai dai ya yi maka ta'aziyya.

Da ya yi ritaya ya rasa abin dannawa, sai ya koma danna waya, nan ya zama likita. Yau ya hana mu gishiri, gobe ya ce ruwan sanyi ne ke kashe mutane. Wallahi ban taɓa ganin mai son jikinsa irin wannan bawan Allah ba. Ƙato ne, wuya kamar na sa, amma sauro ya cije shi sai duk gidan ya sani.

Yaya kuwa tela ce. Ɗakin ɗinkinta yana can ƙuryar gida, taga ɗaya gare shi, ita ma maƙwabci ya yi gini ya toshe ta. Daga safe har magariba tana ƙarƙashin ƙwan fitila, ƙafa a kan keke. Shekara biyu tana kukan ƙugu da ƙafafu. In za ta miƙe sai ta dafa keken, ta dafa bango. Shi kuma ya ce, "Tsufa ne, maman yara. Ki rage gishiri."

Wata rana ya karanta a waya cewa rashin bitamin D na sa ciwon ƙashi da kasala, kuma mutum na iya gwada jininsa a gida. Ya yi oda aka kawo ɗan kwali. A ciki akwai 'yar allura, da auduga, da kati da ake ɗiga jini a kai a aika ɗakin gwaji. Ina gidan ranar, na je karɓar ɗinki. Ya shimfiɗa farin tawul a teburin falo, ya sa tabarau, ya cike katin da manyan baƙaƙe: sunansa, shekarunsa. Ya goge yatsa. Ya kawo allura kusa, ya janye. Ya sake wani yatsan. Gumi ya tsattsafo masa, ragon maza!

Can ya ƙwala kira, "Maman yara, zo nan."

Yaya ta fito tana jan ƙafa, abin awon tela a wuya.

"Miƙo hannunki. Tukunya ɗaya muke ci, rufi ɗaya muke kwana. Abin da ke jininki ai shi ke nawa."

Ta yi dariya ta ce, "Yatsun nan sun saba da allura, Malam." Ya runtse ido ya tsira mata, kamar shi ake yankawa.

Na ce, "Haba Yaya Mai Hatimi! Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi? Jinin wani, sunan wani?"

Ya ce, "An riga an cike. Ba a kankare takarda."

Bayan kwana goma sakamako ya shigo wayarsa. Bitamin ya yi ƙasa ƙwarai, har an rubuta a hanzarta ganin likita. Ya je aka buga masa a takarda, ya karanta sau uku, ya zube a kujera. "Inna lillahi! Ashe da ciwo nake yawo, ba wanda ya damu!" Tun daga ranar ya fara ɗingishi.

Ya sayo ƙwayoyin bitamin. Kullum da hantsi sai a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna da singileti yana shan rana yana duba agogo, masu wucewa na yi masa sannu yana amsawa da 'yar murya. Wa ke fitar da kujerar? Yaya. Ta ajiye, ta kawo ruwa, ta koma cikin duhunta.

Na same shi na ce, "Jinin Yaya ne fa aka gwada. Ita ce mara lafiyar."

Ya miƙo min takardar. "Karanta sunan da ke sama."

"A gabana ka tsira mata!"

"Ke kin taɓa aikin ofis?"

Na ce to ya riƙa ba ta ƙwayar ita ma. Ya ce na wata uku aka tsara masa, ba a raba magani. Tir! Na koma kan Yaya na ce mu tafi asibiti. Ta ce sai ta gama kayan mutane. Kayan mutane kuwa ba sa ƙarewa. Ni ma na yi sake, na bar maganar, kuma ba zan yafe wa kaina ba.

Wata biyu ana haka. Ran nan ta ɗauko kujerarsa za ta shigar, ƙafa ta ƙi ɗaukarta a kan matakala ɗaya tak da ke bakin ƙofa. Ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye.

A asibiti likita ta ce ƙasusuwanta sun yi laushi, bitamin ɗin kusan babu a jikinta. Ta ce ko ta warke, da wuya ƙafar nan ta sake taka keke. Ta tambaya, "Ba a taɓa gwada ta ba?"

Mai Hatimi ya gyara tsayuwa. "Ba a taɓa ba, likita. Ni dai aka gwada." Ya zaro takardarsa daga aljihu. "Tunda ga mu, ki duba min nawa. Ya ma fi nata tsanani, ina jin."

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na zayyane komai, tun daga farin tawul. Likitar ta dube shi ta ce, "To zo a ɗebi naka yanzu." Sai ya tuna bai kulle gida ba, ya fice.

Da yamma Yaya ta farka daga tiyatar da aka yi mata a ƙugu, leɓɓanta a bushe. Ta yafito ni. Na sunkuya, zuciyata na cewa yau dai za ta amayar da abin da ta haɗiye shekara da shekaru.

Ta ce, "Kwalbar maganinsa tana kan firij. Ki tuna masa, bayan abinci yake sha."

Na fita baranda na tsaya, don kada in zagi mara lafiya.