Aikin da Aka Yi wa Ƙanwata

Da ƙanwata ta ce za ta Abuja a cire mata ƙari a mahaifa, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Ni mai bin diddigin kowa, wadda malaman makarantarmu ta Rabah ke kira 'yar sanda, na haɗiye zancen yadda ta ba ni. Na kwaso 'ya'yanta uku zuwa gidana, Innarmu ta raba sadaka don a yi aikin lafiya.

Kwana biyu da aikin ta dawo tana tafiya a duƙe, cikin zurmemiyar riga. Na ce in gasa mata jiki, ta ce likita ya hana. Washegari da hantsi zazzaɓi ya rufe ta, ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai. Ni da mijinta muka kai ta asibiti a Sakkwato.

Likita ya ce, "Wane aiki anka yi mata?"

Na yi caraf na ce na mahaifa, har ina gwada girman ƙarin da hannu. Mijin yana gefena, idonsa a kan takalmansa. Aka tura mu ɓangaren mata, muka bi layi har azahar.

A can wata nas ta ɗage rigar. Babu ɗinki a mara. Matsattsiyar ɗamara ce, ƙarƙashinta ƙananan huji a ciki da kwiɓi suna tsiyayar ruwa. Kitse aka zuƙe mata don teɓa ta kwanta, ƙarfen zuƙar ya huda hanji. Da aka shiga da ita tiyata lokaci ya riga ya ƙure. Ba ta kai la'asar ɗin washegari ba.

Na tare mijin a bakin ɗakin. Ya ce, "Yaya, rantsuwa tas sa ni in yi, kar in gaya ma kowa."

Rantsuwa tana da kaffara, kuma ya sani, ɗan gidan malamai ne. Har yau ina jin haushinsa, ita ma ina jin nata, Allah ya yafe mini. Sun ari bakina sun yi ƙarya a inda gaskiya ce kaɗai magani.

Ranar sadakar uku Inna ta kama hannuna ta ce, "Ke ba ki yi min ƙarya. Ciwon mahaifan nan na?"

Na dubi fuskarta, na ce, "Shi na, Inna."