Mun Je Dammam Neman Kan Jirgin Baba

Tun ranar da likita ya ce idon Baba saura kaɗan ya rufe, abu ɗaya ke cina: kada mu kwashi tsoho mu kai shi ƙarshen ƙasa, ya tsaya gaban abin da yake so ya kasa ganinsa. Abin da yake so kuwa tsohon kan jirgin ƙasa ne mai shan dizal, irin wanda ya yi wa aiki a Dammam yana saurayi, kafin ya dawo Makka ya auri Ummanmu. Ni ce autarsa, ni nake faɗa masa abin da ke gabansa, shi ya sa ya ce ƙafarsa ƙafata. Ga goyo, 'yata wata goma, kwanan nan ta tashi daga tari.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Mansur, masu gasa gurasar tamis ma ba su gama hura wuta ba. Yayana ke tuƙi, Baba a gaba, ni da yarinya a baya. Kafin mu wuce Ɗa'if na sa an kashe mukayyif, na'urar sanyaya mota, sau uku saboda ƙirjinta, Yaya yana kunnawa yana mita da Larabci. Daga nan hanya ta miƙe kamar an ja zare, ba bishiya, sai raƙuma da manyan motoci. A wurin hutawa muka ci kabsa, shinkafar ta bushe, shayinsu kuma tsada kamar da madarar zinariya aka haɗa. Duk shingen bincike sai na laluba jaka na taɓa iƙamarmu, wato takardar izinin zama, alhali na san tana nan.

Baba bai yi shiru ba. Ya ce daga Amurka aka kawo kawunan jiragen ƙasan ta jirgin ruwa, masu zagayayyen hanci da fitila a goshi. Wai injin ba shi ke juya ƙafafun ba. Janareto yake juyawa, wutar ta sauka ga wasu ƙananan injinan lantarki da ke maƙale a ƙasa, su ne ke jan jirgin. Fistin goma sha shida, kowane ya kusa bokiti. Na ce, to kai mene ne aikinka? Ya ce wanke matatar iska, da zuba yashi.

"Yashi, Baba? A ƙasar nan?"

"Ke dai Auta! Na hamada ba ya yi. Sai an busar, an tankaɗe kamar garin tuwo. In ƙafa ta fara santsi a kan dogo, shi ake fesa mata ta kama."

Yaya ya yi dariya har mota ta yi gefe, na daka masa tsawa.

A Riyad muka kwana gidan 'yar'uwar Umma, da safe muka hau jirgin ƙasa. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba: shekarun da Baba ya yi yana hidimar jirgi, bai taɓa zama kujerar fasinja ba. Ya manna goshi a gilashi yana cewa me kika gani, me kika gani. Na ce jan yashi tudu-tudu. Can na ce dabino, mun zo Hufuf. Hannuna ɗaya na kan goshin yarinya, sanyin taragon ya yi yawa, na naɗe ta da mayafina har ta yi kuka.

Da muka sauka Dammam, Yaya ya tambayi mutum huɗu. Matasa ne, ba wanda ya san zancen. Sai wani dattijon ma'aikaci ya ji, ya riƙe hannun Baba ya ce, "Ya Hajji, masu hancin nan sun daɗe da barin aiki." Ya ce ya ji an ajiye wani a wani wuri, amma bai san ina ba.

Baba ya ce a matsa da shi kusa da kan jirgin da ya jawo mu, wanda bai daina ruri ba. Ya karkata kunne ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan jika ne, muryar gidan ce, amma ba shi ba ne. Duba gaban ƙafar, akwai ɗan bututu?" Na sunkuya da goyona na leƙa. Yana nan, ɗan siriri, bakinsa na kallon dogo. Ya ce, "To, har yau ana tankaɗe." Ya nemi sandarsa.

Jiya muka dawo Makka, yarinya lafiya lau, ni ce na kwaso mura. Abin da na koya, a yi tambaya kafin a ɗauki hanya, kuma abin da tsoho ya roƙa kada a ce sai bayan Hajji. Shekara uku yana faɗa muna ɗagawa. Yau da safe na miƙa masa shayi, sai da ya laluba ya sami kofin.

Don Allah, duk wanda ya san inda aka ajiye irin wannan kan jirgin, mai zagayayyen hanci, ko a wane gari ne, ya rubuto mini a ƙasan wannan rubutu. Ku tambayi tsofaffinku da suka yi aiki a Dammam. Ku taimaka ku yi sauri.