Kakar da Na Ƙara wa Kawu Gudu

Tun ranar da matar nan ta sauko daga mota da jakar kwamfuta a kafaɗa na ji hankalina bai kwanta da ita ba. Ba wai ta yi mini wani abu ba ne. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya. Amma ni haka Allah ya yi ni da zargi, ko goro aka ba ni sai na juya shi na duba ko da tsutsa.

A lokacin ni ne malamin sito na wata ƙungiyar manoma a Rogo. In kaka ta yi, motocinmu biyar ke shiga ƙauyuka su kwaso gyaɗa da hatsi, a tara a sito, sannan a riƙa wucewa da su Karaye. Aikina in rubuta ƙarfe nawa kowace mota ta fita, ƙarfe nawa ta dawo. Cikin direbobin nan biyar akwai Kawu, yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi kuma ya samo mini wannan aiki.

Manaja ya tara mu ya ce baƙuwar injiniya ce daga Kano. Ita kuma ta yi bayani. Wai za ta zana hanyoyinmu a cikin kwamfuta, da kwalbati da rafi da komai, ta sa motocinmu a ciki, ta gwada aikin kaka guda cikin 'yan mintoci. Ta rusa, ta sake gwadawa, har ta gano tsarin da gyaɗa ba za ta riƙa kwana a ƙasa a ƙauye tana jiran mota ba. Ta buɗe ta nuna mana taswira, ga wasu ɗigogi biyar suna kai da kawo kamar tururuwa.

Na ce, "Hajiya, in aka cire ɗaya fa?"

Ta danna wani wuri, ɗigo ɗaya ya ɓace. Huɗun suka ci gaba da tafiyarsu ko a jikinsu. Ta ce, "Ai haka ake gwajin." Ni kuwa na ce a raina, to, an zo wurin.

Ba ni kaɗai na gani ba. Kafin la'asar maganar ta zagaye gindin darbejiyar da direbobi ke zama: biyar za su koma huɗu. Ba wanda ya ambaci suna, don ba a bukata. Kowa ya san wanda ya fi kowa daɗewa a hanya.

Kawu ba ya gudu da mota, kuma ba ya wuce mutane. Duk ƙauyen da ya shiga sai ya kashe inji ya sauka an gaisa, a tambayi maras lafiya, a yi barkar haihuwa. In ya tarar da shanu suna tsallaka burtali, ba ya danna ham. Cewa yake ham kan firgita saniya ta faɗa gonar mutane, ka wuce abinka ka bar wa wasu rigima. Sai ya jira, yana hira da makiyayin da Fulatancinsa mai gargada, har ɗan maraƙin ƙarshe ya haye. Ga idonsa ya fara rauni, abin da ni da matarsa kaɗai muka sani. Sawun da yaran direbobi ke yi cikin awa biyu, Kawu sai ya ci uku da wani abu.

Injiniya ta nemi littafina na kaka uku da suka wuce. Na ce mata rubutun ya caɓe, ta ba ni kwana biyu in kwafe mata a sabon littafi. Na shige bayan buhuna na zauna. Lokutan kowa na kwafe su yadda suke, amma duk inda na zo kan Kawu sai in aske masa awa guda da rabi, wani wurin har biyu. Ban ji ina yin ƙarya ba. A wurinmu yaro ba ya tona gazawar babba, kuma wanda ya rufa maka asiri kana ƙarami, kai ma ka rufa masa ran da ƙarfinsa ya ja baya. Har daɗi na ji, na ce yau na yi wa na'urar birni wayon ƙauye.

Da ta duba littafin sai ta yi dariya. "Malam, wannan direban naku tashi yake yi sama?"

"Tsohon hannu ne, Hajiya."

Ta dube ni. "Ka tabbata dai? Ita wannan na'urar, abin da ka ba ta shi take dafawa. Ba ta san a rufa wa wani asiri ba."

Ko wannan maganar tarko na ɗauke ta. Na ce na tabbata.

Bayan mako biyu aka manna sabon tsari a ƙofar sito. Ba a cire kowa ba. Sai dai hanyar da ta fi kowace nisa da muni, wadda ta wuce Zoza ta gangara rafi, an ba Kawu, sawu uku a yini. Kwamfuta ta duba ta ga ba wanda ya kai shi sauri, ta ɗora masa kayan da ya dace da mai sauri. Kawu ya sa tabarau ya karanta, ya cire, ya ce, "Allah ya ba mu iko." Ni ina tsaye a bayansa. Da na yi magana a ranar da shi ke nan. Amma in na yi magana na tona kaina, na kuma tona shi a gaban yaran da ya koya wa riƙon sitiyari. Sai na koma sito na ci gaba da aikina.

Kawu ba mai kai kuka wurin manaja ba ne. Da an sallame asuba ya tada mota. Ya daina sauka a ƙauyuka, sai dai ya ɗaga hannu ta taga. Ya fara danna wa shanu ham. Ranar kasuwa wani dattijo daga wajen Zoza ya tare ni ya ce, "Kawunka sarauta aka ba shi ne? Ya wuce mu jiya kamar bai taɓa shan furarmu ba." Da yamma in ya dawo, sai ya daɗe zaune a cikin mota kafin ya iya miƙe bayansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zargina ya koma kansa. Ya sa a ransa cewa wani daga cikin direbobin ne ya haɗa kai da manaja don a gajiyar da shi ya tafi. Akwai wani direba da suke cin abinci kwano ɗaya shekara da shekaru, Kawu ya daina sa hannu a kwanon. Ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan nan, kai ne a kusa da takardu. Ka sa mini ido, akwai mai yi mini zagon ƙasa." Na ce, "To, Kawu."

Ana cikin haka wani tsohon makiyayi ya rasu, amininsa tun suna samari, rugarsu tana bakin wannan hanya. Kawu ya ji labari yana ɗauke da lodi, ya ce bari ya sauke ya dawo. Da ya dawo ga wani lodin yana jira. Washegari ma haka. Sai rana ta uku da yamma ya samu ya tsaya, an riga an yi addu'a an watse, ana naɗe tabarmi. Babban ɗan mamacin ya karɓi gaisuwarsa cikin ladabi, sannan ya ce, "Ai muna ta ganin motarka tana wucewa, Baba."

Washegari Kawu ya shigo sito ya ajiye makullin mota a kan teburina. Ya ce motar da ba za ta tsaya a gidan makoki ba, ba tasa ba ce.

Da injiniya ta zo a makon nan na ɗauko tsohon littafin na ajiye mata, na faɗa mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, na so ma a ce ta yi. Ta zauna ta shigar da lokutan gaskiya, ta danna. Ɗigogin nan biyar suka tashi. Na Kawu ya bar hanyar rafi ya hau titin Karaye, sawu biyu a yini, daga sito zuwa sito, ya dawo gida kafin magariba. Ta ce, "Ka gani? Da ma wannan hanyar mai haƙuri take so, wanda ba ya wasa da kaya. Ni ban taɓa neman a rage kowa ba."

Na hau acaɓa sai gidan Kawu. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa a faifai. Na durƙusa na zayyana masa abin da na yi, tun daga bayan buhuna har ɗigon da ya hau titin Karaye. Na ce manaja ya yarda a mayar da shi wannan hanyar, makulli yana nan yana jiransa.

Bai ɗago ba sai da ya gama ɓare wadda ke hannunsa. Ya ce in je in ba direban nan, abokin cin abincinsa, haƙuri a madadinsa, shi ma zai je da ƙafarsa. Na ce, "Makullin fa, Kawu?"

Ya ce, "Ka bar shi inda yake. Shekara talatin ina tafiyata a hankali, ban taɓa jin kunyarta ba. Ashe kai kana ji mini."