Tsohon da Ya Dawo Datse Inabinsa

Da muka sayi gidanmu na Summerfield, a nan ƙasar Turawa, ba mu ga mai shi ba. 'Yarsa ce ta sayar mana, ta ce mahaifinta ya rikice da tsufa, an kai shi gidan kula da tsofaffi. A bayan gidan akwai jerin wasu busassun itatuwa ɗaure da waya, duk sun kanannaɗe. Na ɗauka matattu ne. Maigidana ma ya ce in zafi ya shigo zai sa a tone su.

Wata rana da la'asar, a ƙarshen hunturu, ina wanke shinkafa a kicin, sai na ji ƙas, ƙas daga bayan gida. Na leƙa ta taga. Wani tsohon Bature ne siriri, da kwat mai kauri da silifas na cikin ɗaki, yana datse rassan da almakashi. Maigidana yana jami'a, yara suna makaranta. Sai da na yi addu'a sannan na buɗe ƙofa.

Na ce masa da Turanci, "Baba, wa kake nema?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "An makara. Ruwan jikinsu ya fara tashi." Can ya dube ni, babu ko alamar mamaki a idonsa. "Ce mata ta ɗora kofi, na kusa gamawa."

"Wa zan gaya wa?"

"Matata mana. Ga ta can a taga."

Na waiga. Tagar da na baro ce, ba kowa sai labule.

Nan na gane ko wane ne, na buga wa 'yarsa waya. Kafin ta iso na haɗa masa shayi, na fito da kujera, ya ƙi zama. Yana yanka yana ba ni labari. Ya ce itatuwan inabi ne, sunansa Fumin, na garinsu ne a duwatsun arewacin Italiya, inda ƙanƙara ba ta barin kan tsauni. Ya ce daga kalmar hayaƙi sunan ya fito, don in ya nuna sai ka ga bawonsa ya yi toka-toka. Yana saurayi ya zo da reshensa a cikin jiƙaƙƙiyar safa.

"Ƙasar nan ba ta son shi," in ji shi. "Laima ta yi yawa. Haƙuri kawai yake yi."

Ya kama hannuna ya ɗora a kan reshe, ya nuna mini inda ake yanka. Hannunsa sanyi ƙalau.

'Yar ta iso idonta jawur, tana ta ba ni haƙuri. Ashe sulalewa ya yi, ya tari tasi. Na tambaye ta mahaifiyarta. Ta ce ta daɗe da rasuwa, a kicin ɗin nan ta yanke jiki ta faɗi, shi yana nan waje yana wannan aikin, bai sani ba.

Bai yi gardama ba da ta ja shi. Sai a bakin mota ya juyo ya ce mini, "Ban gama ba." Rabin jerin ya datse.

Kafin azumi 'yar ta bugo ta ce ya rasu.

Na hana a tone itatuwan. Rabin da bai taɓa ba ya yi ganye kamar hauka, 'ya'yan suka ruɓe tun suna kore. Nasa rabin kuwa ya yi 'ya'ya ƙanana, baƙaƙe, da tokar nan a jikinsu. Maigidana ya ce, "Kin san fa na giya ne." Na ce ai ba matsawa zan yi ba. Tsami ne da shi har cikin haƙori, yara suka tofar suna yi mini ƙorafi da Turanci. Na dafa shi da citta da sukari kamar zoɓo, ni kaɗai na sha.

Ban taɓa ganin komai ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma in ina datsewa ba na ɗaga kai in dubi tagar kicin, kuma na daina aikin kicin da la'asar in ba kowa.

Bana biyu daga cikin itatuwan sun bushe har saiwa. Na nemi 'yar in ba ta reshe ko za ta dasa, aka ce layin ba ya aiki. Na dai yanki reshen na kafa a bokiti. Yana nan a gareji, ya fara toho, ban san wa nake ajiye wa ba.