Hotunan da Suka Zo a Ƙunshe daga Damagaram

Mahaifiyata 'yar Damagaram ce. Tana da shekara shida aka kai ta riƙo wurin gwaggonta a Maigatari, kafin ta sake ƙetara iyaka mahaifiyarta ta rasu. Ba ta da hotonta ko ɗaya.

Ina koyarwa a Gumel lokacin da ɗan kawuna, wanda ke aikin kwamfuta a can Damagaram, ya kira ni. Ya ce sun kwashe kayan tsohon gida, sun tarar da hotuna cikin wani akwatin ƙarfe. Ya ɗauke su duka a hoto ya zuba a filashi, ya ba direban wata babbar mota ya ajiye mini a wurin Inna, mahaifiyata, a Maigatari.

Ranar Asabar na ari kwamfutar makaranta, na nufi Maigatari. Da na sa filashin, fayil ɗaya tak na gani. Na danna, na sake dannawa, ya ƙi buɗewa. Na kira shi.

"Yaya, abin nan fa ba hoto ba ne."

"Ƙunshi ne, ƙanwata. Matse su na yi wuri guda, sai an kwance."

Ya sa na buɗe wani baƙin allo wanda ban taɓa sanin yana cikin kwamfutar ba. Babu abin dannawa, sai wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Ya ce in rubuta kalmar "tar", in bar fili, in sa ɗan karan tsakiya da haruffa huɗu, sannan sunan fayil ɗin. Yana faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya.

Matsalar ita ce, shi bokonsa na Faransanci ne, nawa na Ingilishi. A ƙarshen sunan akwai harafin da yake kira "je", ni kuwa sai in buga j. Sau uku kwamfutar tana cewa ba ta ga fayil mai wannan suna ba. Inna na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"In ya gagara ku bar shi," in ji ta.

Na ce, "Yaya, faɗa mini kalmar Hausa da ta fara da harafin nan."

"Gero."

Na goge j na sa g. Sai sunaye suka riƙa gangarowa a allon, layi bayan layi, har suka tsaya.

Yawancin hotunan na maza ne a kasuwa da wurin suna. Can muka iso kan wasu mata biyu tsaye a gefen keken ɗinki, ɗaya riƙe da yarinya. Inna ta kakkaɓe hannu, ta matso. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita ba ta san wacce ce mahaifiyarta a cikinsu ba.

Yaya ya nuna wa Kawu hoton a can, ya miƙa masa wayar. Tsohon ya ce ta hagu ce, mai riƙe da yarinyar, yarinyar kuma Inna ce da kanta.

Na ƙara girman hoton har fuskar ta fara dusashewa. Inna ba ta yi kuka ba.

"Ashe doguwa ce," ta ce.

Ta tashi ta yi alwalar la'asar. Da ta idar da salla, ta aike ni in kira mata maƙwabciyarta, ta zo su gani tare.